Damshi a Ɗakin Mama

Tun ranar da bangon ɗakin Mama ya fara tsattsafo da ruwa Auta ta faɗi abin da ta sani, kuma daidai ta faɗa. Ta ce duk lokacin da tankin sama ya cika, ana jin ruwa yana kuka a cikin bango, can kusurwar da ke saitin kan gado. Sai dai da bakin tela ta faɗa, ba da bakin masu gyaran famfo ba, shi ya sa maganar ta bi iska.

Gidan ɗan ƙaramin bene ne. Sama ɗakuna biyu, nata da mijinta, da na 'yan matansu. Ƙasa akwai falo, inda ta girke keken ɗinkinta, mata na shige da fice wuni guda, sai kicin, sai ɗaki ɗaya mai banɗaki a ciki. Wannan ɗakin na mahaifiyarta ne, don gwiwoyin Mama sun daɗe da yin sallama da hawa bene. Da kyar da jiɓin goshi Auta ta karɓo ta daga hannun Yaya, babban wansu, kuma bai sake ta ba sai da ya gindaya sharaɗi: ranar da ya ga tsohuwa ba ta cikin jin daɗi, zai zo da mota ya ɗauki abarsa. To ga shi bango ya yi jirwaye, fenti yana ɓamɓarewa, ɗaki yana wari, Mama kuma ta fara wani tari mai naci.

Mijin Auta, wanda abokai ke kira Manaja don shi ke riƙe da makullin sito a wani shagon tayoyi, mutumin kirki ne, wannan ba a ƙwace masa ba. Ciwonsa guda ne, bai iya cewa bai sani ba. Ka tambaye shi hanyar garin da bai taɓa takawa ba, sai ya ɗaga hannu ya nuna maka. Shi ya samo mai gyaran famfo, wani gajere mai faɗin ƙirji da ba ya rabo da guduma a kafaɗa, har 'yan matan gidan suka laƙaba masa Mai Guduma. Da yamma ya zo, don a lokacin ne maigida ke nan. Ruwan gari kuwa da hantsi yake zuwa, lokacin Manaja na can yana ƙirga tayoyinsa, don haka bango shiru yake sa'ad da suka tsaya a gabansa.

Mai Guduma ya shafa bangon, ya shinshina tafin hannunsa, ya dubi Manaja.

"Yallaɓai, saflai ne ko wes?"

Manaja ya gyara tsayuwa. Ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa kamar mai zaɓen kankana, ya kasa kunne, ya jinjina kai.

"Wes ne," in ji shi.

Auta, da ke bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya, ta tabbata har ga Allah mijinta bai san ko wes ci ake ko sha ake ba. Ita ma ba ta sani ba, amma ita ba ta ce ta sani ba.

"Malam," ta ce, "ni dai abin da na lura, sai tanki ya cika ruwan ke kuka a ciki. In bai cika ba, tsit kake ji."

"Madam, ai ruwa ba ya kuka, yara ke kuka." Ya yi dariyar abinsa shi kaɗai, Manaja ya taya shi don kara. "Wane layi kike nufi? Mai shiga ko mai fita? Inci nawa ne?"

Ta juya ta dubi mijinta.

"To kin gani. Ki bar mu da Yallaɓai."

Washegari Mai Guduma ya far wa banɗakin Mama ba ji ba gani. Ya fasa tayil, ya tono bututun da ke kwashe ruwan wanka, ya same shi a bushe ƙamas, lafiyarsa lau. Duk da haka ya shafe shi da gam don kada a ce bai yi komai ba, ya tattara ya tafi, ya bar rami da tulin ɓaraguzai. Ruwan gari ya zo, tanki ya cika, bango ya ci gaba da kukansa.

Da ya dawo, ko kunya babu, ya ce, "To tunda ba wes ba ne, saflai ne ke nan."

"Abin da nake shirin faɗa ke nan ka riga ni," in ji Manaja.

Aka fasa ɗaya gefen. Bututun da ke kawo ruwa mai tsabta shi ma garau. Zuwa na gaba aka ce watakila daga ƙasa ruwan ke tasowa, aka haƙe gindin bango ta waje har aka kashe wa Auta ɗan lambun na'ana'arta. Banɗakin Mama ya tashi daga aiki, sai da bokiti da kujerar roba, Auta na riƙe da ita. Ƙurar siminti ta shiga katifa, ta shiga labule, ta shiga ƙirjin tsohuwa. Kuma duk lokacin da Auta ta buɗe baki, amsar Mai Guduma guda ce: shi abin da maigida ya ce shi yake yi. Haka yake aikinsa a ko'ina. Ya ba ka zaɓi biyu da kalmomin da ba ka sani ba, ka zaɓi ɗaya, ya fasa. In an dace aikinsa ne, in ba a dace ba kai ka ce.

Wannan shi ya fi ƙona mata rai. Ita ma mai sana'a ce. Mata nawa ne ke zuwa mata da yadi suna cewa "irin na wance nake so, mai ɗan abin nan a hannu"? Ta taɓa tambayarsu da sunayen da ba su sani ba sannan ta sa almakashi? Samfuri take fitowa da shi su nuna da yatsa, in ta kama ta ɗinka ɗan ƙyalle ta gwada musu. Yadi ma ke nan, balle bangon da uwar mutum ke kwana a gindinsa! Tana taka keke tana cizon leɓe, har allura ta karye mata sau ba adadi a makon nan.

"Baban yara," ta tare shi wata safiya yana ɗaura agogo, "don girman Allah, mene ne wes?"

"Wes? Ai wes... wes ne mana. Abin fasaha ne, ba za ki gane ba."

"Gwada ni."

"Na makara," in ji shi, ya suri makullansa.

Ana cikin haka Yaya ya faɗo babu sanarwa. Dogon mutum ne mai maganar ƙasa-ƙasa, irin waɗanda in sun yi fushi muryarsu ke ƙara sanyi. Ya tsaya tsakiyar ɗakin, ya dubi bango, ya dubi ramuka, ya dubi bokiti, sannan ya dubi ƙanwarsa.

"Auta, nan kika ajiye mana uwa?"

"Gyara ake yi, Yaya."

"Gyara ko rusau?"

"Ni na fasa? Tun farko na faɗa musu, ba wanda ya saurare ni!"

"Ba wanda ya fasa nake tambaya ba. Ji tarin da take yi."

Mama na zaune bakin gado tsakaninsu, tana bin wannan da ido tana bin wancan. Ta ɗaga hannu.

"Ni dai da za ku..."

"Mama, don Allah ki huta, ki bar ni da shi," in ji Auta.

"Mama, kada ki wahalar da ƙirjinki," in ji Yaya.

Suka ci gaba da abinsu ta saman kanta. Auta ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ta tuna masa wanda ya yi jinya lokacin da aka yi wa Mama aikin ido. Yaya ya ce yana da 'yar tafiya a gabansa. In ya dawo ya tarar da ɗakin haka, ba zai tsaya shawara da kowa ba.

Motarsa na barin layin ta rufe keke, ta sallami matar da ta zo awo, ta zari mayafi. A bakin babban titi akwai shagon kayan famfo da take wucewa kullum ba ta taɓa ɗaga ido ta kalla ba. Mai shagon wani dattijo ne mai ƙaramin haƙuri, yana zaune bayan kanta yana sauraron rediyo.

"Me za a ba ki?"

"Suna na zo nema. Wannan mene ne sunansa?" Ta ɗago wani lanƙwasasshen guntun roba.

"Elbo. Gwiwa. Nawa kike so?"

"Wannan fa?"

"Baiwar Allah, nan shago ne, ba makaranta ba. In ba saye za ki yi ba, ba ni wuri."

A bakin ƙofar shagon an jera kwanukan masai sababbi fil don talla. Auta ta zaɓi na tsakiya, wanda ya tare hanya, ta kakkaɓe shi da gefen mayafi, ta zauna daram, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"To ni kuwa nan zan wuni. Duk wanda ya zo sayayya sai ya tsallake ni."

Masu wucewa suka fara rage tafiya. Mai shayi na tsallaken titi ya saki aikinsa ya zuba ido. Dattijon ya yi salati, ya kashe rediyo.

"Tashi, don Allah tashi, kada ki tara min jama'a. Me kike son sani?"

Ba don kirki ya koya mata ba, don ta tafi ne, amma ya koya. Saflai, bututun da ke kawo ruwa mai tsabta. Wes, wanda ke fitar da wanda aka yi amfani da shi. Bawul, makunnin da ake murɗawa a tsayar da ruwa. Tana maimaitawa tana taɓa kowanne da hannu, yadda take taɓa yadi kafin ta yarda da shi. Sannan ta faɗa masa maganarta, ita dai wadda aka yi wa dariya: in tanki ya cika ruwa na kuka a bango.

Ya ja ta gaban wani tanki da ke jingine a waje, ya nuna mata huda uku.

"Ta nan yake shiga. Ta nan ƙasa yake fita zuwa famfunan gida. Wannan ta can sama kuwa obafulo ce, ta ambaliya. Ba ta ganin ruwa sai tanki ya cika ya wuce iyaka. A ciki akwai wata ƙwallo da ke yawo a kan ruwa, in ya taso sai ta taso ta rufe bakin shiga. In ta huje ta nutse, ruwa ba zai tsaya ba, sai ya bi ta ambaliya. Taku ina take zubarwa?"

"Ban taɓa ganin ta zubar ba."

"To tana zubarwa inda ba kya gani. Ki je, in ruwa ya zo kin ji kukan, ki rufe bawul ɗin da ke hawa tanki ki saurara. Shi ke nan? Na sallame ki?"

Bawul ɗin ba ta sha wahalar nemansa ba. Wani jan hannu ne a bayan kicin, wanda shekara da shekaru take rataya tsumman goge-goge a kai. Da hantsi ya yi ruwan gari ya zo, ta tsaya a ɗakin Mama har kukan ya fara, ta ruga ta murɗa jan hannun, ta dawo ta manna kunne a bango. Kukan ya ragu, ya koma ɗis-ɗis, ya ɗauke. Maimakon murna, wani baƙin ciki ne ya kama ta. Abin da hannunta ɗaya ya tsayar, shi aka rushe wa uwarta banɗaki a kai.

Daga ranar ita ta zama ƙwallon tankin. Tana ɗinki kunnenta na sama, da ta ji ya kusa cika sai ta tashi ta rufe. Ruwa ya daina sauka. Amma bangon da ya sha ya ƙoshi ba ya bushewa don an daina ba shi, ramuka kuma suna nan baki buɗe. Ta kira Mai Guduma da kanta, ya ce sai Yallaɓai ya kira. Yallaɓai kuwa ya sha kunu, wai ta je bakin titi ta zauna kan masai ta nuna wa duniya mijinta bai san gidansa ba. Yana cikin wannan borin kunyar Yaya ya dawo daga tafiya.

Ta tare shi tun daga ƙofa.

"Yaya, an gano! Ba saflai ba ne, ba wes ba ne. Ƙwallon tanki ce ta huje, ruwa na bin obafulo yana sauka cikin bango. Na rufe bawul, ya tsaya. Wallahi ya tsaya, taɓa ka ji."

Ya ɗora tafin hannu a bangon, ya ɗago ya nuna mata danshin.

"Ke kuma kin bar ɗinki kin koma gyaran famfo? Ni ban san waɗannan ba, Auta. Bango na gani a jiƙe. Haɗa mata kayanta."

"Ka ba ni lokaci kaɗan ya bushe!"

"In ya bushe ma yi magana."

Ita ta haɗa kayan da hannunta, tana ninkewa tana share hawaye da gefen zani. Aka kama Mama aka sa ta a mota.

Ganin ɗakin wayam ne ya saukar wa Manaja da girman kai. Ya kira Mai Guduma, ya ɗauki uzuri a wurin aiki don a yi abin da hantsi. Auta ba ta tsaya bakin ƙofa ba wannan karon.

"Hau sama ka buɗe tanki," ta ce. "Ƙwallon ta huje. Ka canza ta. Sannan ka bi obafulo ka ga inda ta shiga."

Mai Guduma ya dubi Manaja. Manaja ya dubi ƙasa.

Mai Guduma ya hau, ya zura hannu, ya fito da ƙwallon cike da ruwa tana ɗiga. Kafin shayin da ta ɗora ya tafasa ya sa sabuwa. Bututun ambaliya kuwa, maimakon ya zubar a fili inda kowa zai gani, cikin bango aka binne shi tun lokacin gini, kuma gwiwar da ke saitin gadon Mama ko gam ba a sa mata ba.

"Wa ya ce a binne wannan?" in ji Mai Guduma.

Manaja ya sosa ƙeya. "Magina ne suka tambaye ni, obafulo a waje ko a ciki. Na ga kamar a ciki ya fi tsabta."

"Ka san abin da suke nufi?" in ji Auta.

Wannan karon bai ce ya makara ba. "Ban sani ba," ya ce a hankali.

Da Mai Guduma ya bar abin a nan da ya tsira. Amma sai ya kaɗa baki ya ce, "Ai Madam, da tun farko kin ce obafulo ne, da ba a sha wannan wahalar ba."

Auta ta ajiye butar shayin don kada ta yi abin da za ta yi nadama.

"Da na ce me? Ban ce maka sai tanki ya cika ba? Ranar farko, a gaban mijina, a gaban uwata! Ka ce min yara ke kuka. Sunan ne ban sani ba, malam, kuma sanin sunan aikinka ne, ba nawa ba. Kai da ka san shi me ya hana ka hawa sama? Ƙafa ce ba ka da ita ko kunne? Ka fasa nan, ka fasa can, ka cika wa tsohuwa ƙirji da ƙura, yau ba ta gidan nan, sannan ka tsaya a tsakar gidana ka ce da na ce? Ka toshe ramukan da ka haƙa, ka fitar da bututun nan waje inda idona zai gan shi, kuma in ka ƙara yi wa wata mata dariya a gidanta, Allah ya isa!"

Ya yi tsuru-tsuru, ya kama aiki, bai ƙara tari ba.

Bango ya ɗauki lokacinsa. Kullum tana buɗe tagogi, ta kunna fanka, ta shafa ta ji. Da ya bushe ƙayau aka yi sabon fenti, aka mayar da tayil, ta shanya katifa, ta ɗinka labule da zanin gado. Manaja da kansa ya kafa ƙarfen da Mama za ta riƙa dafawa a banɗaki, bayan ya tambayi yadda ake yi. Ranar da warin fenti ya fita, ta ɗauki tasi ta nufi gidan Yaya, ta ce wa direba ya jira, ya buɗe bayan mota, akwai kaya.

Yaya bai yi gardama ba, ya ce alƙawari ne, ta shiga ta ɗauke ta. Ta tarar da Mama zaune kusa da taga, tarin ya tafi, ana gyara mata farce. Auta ta durƙusa ta gaishe ta, ta shiga zayyana mata komai, ƙwallo da gwiwa da abin da ta gaya wa Mai Guduma. Mama ta saurara har ƙarshe.

"Ai na san daga sama yake," ta ce. "Saitin kaina yake sauka. Tun kafin bango ya nuna nake jin sa."

"Mama! Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni?"

Auta ta sunkuyar da kai, Mama ta ci gaba.

"Ranar da aka kawo ni nan, matar yayanki ta durƙusa ta ce, Mama, wane ɗaki kike so? Sai na rasa abin cewa, don na manta rabon da a yi min irin wannan tambayar. Na ce wannan mai tagar. Ni na zaɓe shi, Auta. Kin yi min komai, Allah ya yi miki albarka. Amma ki bar ni a nan."

Duk fushin da ta yi wata da watanni tana rabawa, na Mai Guduma, na Manaja, na Yaya, ya taso mata gaba ɗaya, ta duba ta rasa wanda za ta sauke wa. A waje direba ya fara danna oda. Ta miƙe da kyar, ta leƙa ta tagar Mama, ta ce masa ya rufe bayan motar, babu kayan da za a saka.